Katin Kwale-kwale a Jurf

Shekara goma sha bakwai na yi ina gaya wa 'yan mata a aji cewa kada wadda ta sa hannu a takarda sai ta karanta ta daga sama har ƙasa. Tawa takardar kuwa sai da na sauka Jidda na karanta.

A wani ofis ne da ake kira maktab, inda ake tara mata masu zuwa aikatau kafin a rarraba su gidaje. Dillalin da ya shirya mini tafiyar a Kano ya rantse, har da dafa ƙirji, cewa wata makarantar yara ce a Madina take neman malama mai Turanci da ɗan Larabci. Larabcina na Islamiyya ne, mai yawan nahawu da ƙarancin amfani, amma ya ishe ni in karanta kalmomi biyun da ke gaban sunana: amila manziliyya. Mai aikin gida. A bakin mutanen gari, shagala.

Na matsa gaban tebur na yi wa mutumin da ke zaune a wurin bayani da Larabcin littafi, kowace kalma da wasalinta, cewa an yi kuskure, ni malama ce. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Kullukum mudarrisat." Wai dukanmu malamai ne. Na juya na dubi matan da ke zube a ƙasa, kowacce rungume da jakarta, sai na ga ba lallai ne ba'a yake yi ba.

Da yamma wata ta ara mini waya na kira yayata Rabi a Funtuwa. Bayan gaisuwa ta ce, "To Kulu, ya makarantar? Kin gan ta?"

Da na ce mata babu makaranta, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Na gani, Yaya. Bene ne hawa uku. Sai dai an ce yaran ba su kai namu ladabi ba."

Ƙaryar malami ta fi ta kowa haɗari, domin ya saba kawo misali.

Wadda na yi ƙaryar dominta ba Yaya Rabi ba ce. 'Yata ce, da na bari a hannunta. Ita kaɗai Allah ya ba ni kafin mahaifinta ya rasu, kuma 'yar fari ce, don haka ba zan rubuta sunanta a nan ba, kamar yadda ban taɓa kiran sa da bakina ba. Boko bai cire mini wannan kunyar ba. "Ke," nake ce mata, ko "yarinyar nan." Shekararta goma sha biyar lokacin da na taho. Maganarta ta ƙarshe gare ni, tana tsaye a bakin zaure, ita ce, "Kin bar taki za ki je ki koyar da 'ya'yan wasu. Allah ya ba da sa'a, Malama." Ba Mama ta ce ba. Malama. Daga ranar ba ta sake ɗaukar wayata ba. In na tura saƙo, alamar an karanta takan fito, shi ke nan.

Gidan farko da aka kai ni a Madina yana unguwar Aƙiƙ. Abin mamaki, bene ne hawa uku, kamar yadda na faɗa wa Yaya. Matar gidan ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Ba ta ganina ne kawai, kamar yadda mutum ba ya gaida na'urar wanki. A Funtuwa Malama Kulu nake, in na shigo aji yara arba'in su miƙe. A Aƙiƙ na zama "Ya Hawwa!" da ake ƙwalawa daga hawa na uku. Na goge tayil, na wanke banɗaki biyar, na goge tayil ɗin da na goge. Wata biyar na yi a garin Manzon Allah, sau biyu na taka Harami, duka biyun kuma ina riƙe da takalman yara.

Duk ranar Juma'a nakan tura wa yarinyar nan saƙo. Yanzu in na duba su sai in ga jadawali ne kawai. Kin yi sallah? Kin yi bitar lissafi? Ki rage yawo gidan su Fa'iza. A ƙarshe in ɗan yayyafa ƙarya: yau ɗalibaina sun yi jarrabawa, wata yarinya Maryam ta ci tara bisa goma. Babu wata Maryam. Ni na haife ta a banɗakin hawa na biyu, na raine ta har ta zama ta ɗaya a aji.

Ruwan wanke banɗaki ya ci hannuwana har suka tsattsage, suka fara zubar da ruwa. Matar gidan ta duba, ta yamutsa fuska, ta ce ba za a taɓa abincin yara da wannan ba. Aka mai da ni hannun masu maktab kamar tukunyar da aka saya aka ga tana yoyo.

Suka ajiye ni a wani ɗaki a Ranuna, can wajen Ƙuba, tare da wasu mata shida masu jiran a sake musu gida. A nan na haɗu da Gwaggo Zali, mutuniyar Maraɗi, wadda take kawo mana abinci. Ta kai shekara ashirin a garin, Hausarta duk ta sha Larabci. Ranar farko ta kama hannuna ta jujjuya shi.

"Wannan hannun bai san shugul ba, bai san aikin wahala ba, ɗiyata. Mi kike yi a gida?"

Na ce, "Alli nake riƙewa."

Ta ce, "Ma'alesh, ba komai. Ni ma ɗiyar liman ce."

Washegari ta zo da man kaɗanya a gwangwanin madara. Ta zauna ta shafa mini da kanta, yatsa bayan yatsa, tana ba wata labarin tsadar tumatir. Ba ta yi mini wa'azin haƙuri ba, shi ya sa har yau nake sa ta a addu'a. Daga ɗakin nan, in iska ta juyo, ana jin kiran sallar Ƙuba. Nakan tuna yadda nake zana taswirar hijira a allo, in sa ɗigo in ce nan ne Ƙuba, ku rubuta. Ashe ɗigon yana da kwata da kyanwoyi da mata bakwai a ɗaki ɗaya.

Gwaggo Zali ce ta ji labarin wani gida a Jurf da ake neman mai jin Hausa. Mutanen gidan 'yan ƙasa ne, jikokin alhazan da suka zo a ƙafa tun zamanin da ake sallama da mai tafiya Makka kamar an yi masa jana'iza. Tsohuwar gidan ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, da ta farfaɗo sai Larabcin da ta yi shekara tamanin tana yi ya yi ƙaura, Hausar uwarta ta dawo ta zauna daram. 'Ya'ya da jikoki suna ji, amma bakinsu ya yi nauyi. Aka mai da iƙamata, wato takardar zama, hannun ɗanta, Ammi Usman, mutum mai ƙarancin magana da yawan kunya, wanda bai taɓa kirana ba sai ya ce "ya ukhti," wato 'yar'uwata.

Sunanta Hajiya Mairam, amma kowa Sitti yake ce mata, wato kaka. Idonta ya yi rauni, kunnenta kuwa yana jin tafiyar tururuwa. Ranar da na zo ta ce, "Ke 'yar ina ce?" Na ce Funtuwa. Ta ce, "Ban san ta ba. Kusa da Haɗeja ne?" Na ce akwai tafiya. Ta ce, "To, baƙauya ce ke. Zo ki juya ni."

Aikina shi ne in juya ta, in wanke ta, in ba ta abinci a baki, in tura kekenta. Hausarta irin wadda ba a ƙara ji a gida ce, cike da kalmomin da sai a tsofaffin littattafai na taɓa gani. Da ina da hankali da na riƙe biro. Amma hankalina yana Funtuwa, wurin alamar an karanta.

A gidan akwai jikarta Shahad, 'yar Ammi Usman, shekara ashirin da uku, ta gama jami'a tana jiran aiki. Nakan yi mata Hausa ta mayar mini da Larabci, kowa ya fahimci kowa, kamar makafi biyu da suka san hanya ɗaya. Ita ce ta fara lura da cewa ina karanta takardar maganin Sitti ta ɓangaren Turanci. Daga nan ta fara ce mini khala, wato inna, tana kawo mini shayi da na'ana'ar Madina, wadda duk wanda ya sha ta sau ɗaya zai raina ta ko'ina.

Wata rana bayan azahar, Sitti tana ƙailula, na shiga ɗakin Shahad in ɗauko tawul. Na same ta zaune a ƙasa ta shimfiɗa mayafi, a kansa wasu katuna masu tsawo, sun fi na karta girma, kowanne da hoto. Wani sarki a kan kujera. Wata hasumiya tana ci da wuta, mutane na faɗowa. Wani mutum rataye ta ƙafa ɗaya, fuskarsa kuwa kamar wanda ya ci ya ƙoshi.

Ta yi wuf ta rufe su, sannan da ta ga ni ce ta saki ajiyar zuciya.

Na ce, "Shahad, duba kike yi? A Madina?"

"La, wallah ya khala, ba duba ba!" Tsoro ya sa ta yi Hausa. Sauran bayanin da Larabci ya zo. Sunansu tarot. Wata ƙawarta ce ta shigo mata da su daga waje a cikin kwalin turare. Ita ba gaibu take tambaya ba. Gyaran kai ne, in ji ta, da neman natsuwa. Takan ja kati ɗaya da safe, ta dube shi, ta tambayi kanta abin da ke damunta, ta rubuta a littafi. Madubi ne kawai.

Na ce mata a garinmu ma mai bugun ƙasa bai taɓa cewa shi boka ba ne, malami yake ce wa kansa. Na kuma tuna mata cewa a ƙasar nan, in aka kama 'yar gida da irin wannan, faɗa za a yi mata. In shagala baƙa aka kama, ba za ta samu bakin bayani ba. Na ɗauki tawul na fita da dukan martabar tsohuwar malamar tarbiyya.

Kwana goma sha ɗaya martabar ta yi.

Abin da ya karya ta, Yaya Rabi ce ta kira ta ce sakamakon jarrabawar yarinyar nan ya fito, ta ci komai. Na ce a ba ta wayar in yi mata barka. Na ji takun Yaya, na ji an buɗe ƙofa, na ji ƙus-ƙus. Sai na ji muryar da na yi shekara ɗaya da wata takwas ban ji ba, daga nesa, tana cewa, "Inna, ki ce mata ta yi wa Maryam barka."

Bayan azahar ɗin ranar na ƙwanƙwasa ɗakin Shahad. Ba tawul na zo ɗauka ba, ita ma ta sani. Ta shimfiɗa mayafin, ta tankwasa katunan ta sake su suka yi ƙarar fiffike. Ta ce kada in tambayi abin da zai faru, in tambayi abin da ya kamata in gani. Na gyaɗa kai. Amma ba zan yi wa takarda ƙarya ba, na yi wa mutane ta isa: a zuciyata abin da na tambaya shi ne, yarinyar nan za ta sake yi mini magana ko kuwa?

Na ja ɗaya na juya.

Kwale-kwale ne a kan ruwa. Wani mutum a tsaye yana tura shi da gora. A zaune wata mace ta lulluɓe da mayafi har ka, kusa da ita ƙaramin yaro ko yarinya, duk sun ba mu baya. A gabansu takubba shida a tsaye, an caka su a katakon jirgin.

Shahad ta miƙa hannu za ta ɗauko ɗan littafin da ke fassara katunan, sannan ta fasa. Ta ce, "Ish shayfa, ya khala?" Me kike gani?

Ban yi tunani ba. Na ce, "Mace ce ta rufe fuskarta don kada yarinyar ta ga abin da ta koma. Takubban nan kuma ba za ta iya zare su ba, domin su ne suka toshe hujin. In ta zare ɗaya, ruwa ya shigo."

Shahad ta buɗe littafin ta duba, ta dube ni. Ta ce a nan an rubuta tafiya ce daga wahala zuwa sauƙi. Babu maganar ɓoye fuska. Babu maganar huji. "Min gal?" Wa ya ce?

Wa ya ce, kuwa. A nan ne na gane abin da ke gabana, domin sana'ata ce. Duk farkon zango nakan yanko hoto daga tsohuwar kalanda in manna a allo, in ce, "Ku dubi hoton nan ku rubuta layi goma." Hoto ɗaya ne, misali mace a bakin rijiya. Amma wata za ta rubuta matar tana sauri don kada a doke ta, wata ta rubuta tana jiran mijinta da ya tafi Legas, wata ta ce tana tunanin faɗawa ciki. Kafin in gama duba littattafai arba'in na san gidan da ake kwana da yunwa da gidan da ake kwana da kuka. Matar kalanda ba ta san komai ba. Yaran ne suke tona kansu. Ni da na yi shekara goma sha bakwai ina ɗana wannan tarkon, yau ga ni a ciki har wuya.

Na tashi na fita. Abin da ya biyo ni har ɗakina shi ne abin da aka koya mana tun muna yara, cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, sallarsa ta kwana arba'in ba ta da lada. Shahad za ta iya cewa madubi ne, wataƙila a wurinta madubin ne, Allah ya san zuciyarta. Ni dai na san abin da na tambaya. Kuma a garin da mutane ke sayar da gona don su zo su samu salla arba'in a jere, ni na zo na yi cinikin kwana arba'in da hoton kwale-kwale. Ba malamar lissafi ba ce ni, amma wannan asarar ba ta buƙatar alli.

Washegari da hantsi ina yi wa Sitti wanka. Na zaunar da ita a kujerar roba, ina cuɗa mata baya, sai ta ce, "Jiya wa ya ci?"

Na ce, "Ci me, Sitti?"

"Kartar da kuka yi ke da 'yar banzar nan. Ina ji. Idona ne ya mutu, ba ni ba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, in ji Bahaushe, ko da yake a ƙa'ida cibiyar wanda ake wa wankan ake nufi. Na ajiye soson na gaya mata komai. Dillali, maktab, Aƙiƙ, bene hawa uku, Maryam mai tara bisa goma, katin, da kwana arba'in. Ruwa yana ɗiga daga gashinta, ba ta katse ni ba.

Da na gama ta ce, "Zuba mini ruwa, sanyi nake ji." Na zuba. Sannan ta ce, "Ina da yaya. Ban taɓa ganin ta ba. Inna ta bar ta a Haɗeja tana shekara shida, ta ce za ta sauke farali ta koma. Ni a hanya aka haife ni, a ƙasar Sudan. Da suka iso, babana ya rasu. Inna ta yi wankau, ta yi dakau, ta ɗebi ruwa a gidajen mutane. Duk shekara alhazan Haɗeja suna zuwa. In ta hango su sai ta ja mayafi ta canja hanya."

Na ce, "Saboda me?"

"Ke kike tambaya?" Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "Saboda a Haɗeja an san ta matar malam ce. Ba ta so a koma a ce an gan ta da tulu a ka. Sai ta riƙa zuwa wurin wani tsoho mai zane a yashi, a ɓoye, ya duba mata ko yarinyar tana raye. Kullum ya ce tana raye, tana cikin alheri, saƙonta na nan tafe. Ga mutanen garinsu da ƙafa da baki suna wucewa ta ƙofar gida, ita yashi take tambaya."

"Ba ta taɓa aikawa ba?"

"Ta aika. Da ta ga furfura ta gama da ita, ta tare wani alhaji ta ba shi zobe da dabino da saƙon baki. Shekara ta zagayo, wani ya dawo da zoben. Ya ce wadda aka aika wa ta rasu, damina biyu kafin saƙon ya isa. Ta bar 'ya'ya biyar, kuma ta gaya musu uwarta ta mutu a hanyar Makka." Ta share ruwa daga fuskarta. "Zoben yana cikin akwatina. Inna tana maƙabartar Baƙi'a, kusa da manyan bayin Allah. Kowa ya ce ta dace. Ni da na rufe mata ido na san da me ta tafi."

Na ƙara ɗebo ruwa a kofi na zuba mata.

Ta ce, "Kwana arba'in ɗinki tsakaninki da Ubangijinki ne. Ki tuba, ki ci gaba da sallarki, Shi ba dillalin Kano ba ne. Amma yarinyar, ba kati zai gaya mata ba, ba mala'ika za a aiko ba. Goge ni. Yau Harami za mu."

Da Shahad ta shigo taya ni sa mata kaya, Sitti ta kama kunnenta da hannun da ke aiki ta ce, "Ke kuma, mai kati. In kin rasa wanda za ki gaya wa damuwarki, ga ni nan kwance ba inda za ni. Ki fitar mini da gumakan nan daga gida kafin ubanki ya gani." Shahad ta ce, "Hadir, ya Sitti," wato ta ji, za ta yi. Ko ta fitar, ko ta canja musu kwali, ban bincika ba. Na dai lura daga ranar takan zo ta zauna a bakin gadon tsohuwar da yamma, tana harhaɗa Hausa kamar mai tafiya a kan ƙaya.

Ammi Usman ya sauke mu, ni da Sitti da Shahad, bayan la'asar. Na tura keken har cikin farfajiya, ƙarƙashin manyan lemomin nan, daidai inda ake hango koriyar ƙubba. Na yi abin da zan yi tsakanina da Ubangijina, wanda ba na takarda ba ne. Sannan Sitti ta ce, "Yalla. Ina ji."

Na ba Shahad wayata na ce ta ɗauki hoto. Ta ɗaga za ta ɗauko fuskata da ƙubbar, irin wanda ake turawa gida a yi alfahari. Na ce a'a, hannuwana za ta ɗauka, a kan mariƙin keken. Sannan na danna saƙon murya. Ban shirya darasi ba, karo na farko a rayuwata. Na ce babu makaranta, ba a taɓa yin ta ba. Na ce ni shagala ce, na wanke banɗaki a Aƙiƙ, yanzu ina wanke wata tsohuwa a Jurf. Na ce babu Maryam. Na ce kunya ce ta sa, kuma kunyar ba ta kai darajar kwana ɗaya na shirunta ba. Ban tambaye ta ko ta yi sallah ba.

Alamar an saurara ta fito kafin mu kai mota.

Kwana ɗaya, biyu, biyar. Na zare takobi, ruwa kuma yana shigowa. Yaya Rabi ta kira tana kuka tana faɗa a lokaci guda, wai ni wace irin mutum ce, wai da wa nake gasa. Game da yarinyar kuwa ta ce ta shige ɗaki, ba ta ce uffan ba. Sau biyu na wuce ƙofar Shahad a kwanakin nan ƙafata tana rage sauri. Ban ƙwanƙwasa ba. Duk safiya Sitti takan ce, "An zo?" In ce ba a zo ba. Ta ce, "Juya ni."

Rana ta tara, da hantsi, ina ba Sitti kunu, wayar ta yi motsi. Hoton takarda ne, an yago ta daga littafin makaranta, da rubutun da ni na koya mata riƙe biron yin sa.

"A hoton nan akwai hannu biyu. Na san su. Na dama yana da tabon da man ƙosai ya yi masa ranar da na ce sai an yi mini ƙosai. Mai hannun ta yi ƙarya shekara ɗaya da wata takwas. Ni na ɗauka ta samu yaran da suka fi ni ne. Da na san tsohuwa take wankewa, da wani fushin daban zan yi, ba wannan ba. Hannun yana buƙatar mai, kuma ban gama fushi ba."

Layi bakwai. A aji da na rage mata maki uku.

Na karanta wa Sitti. Ta ce, "Me kike jira, baƙauya? Sai an dawo miki da zobe?"

Na kira. Ta yi ƙara sau huɗu, aka ɗauka. Ba sallama, ba magana, sai numfashi, da kukan wata akuya can a tsakar gidan Yaya. Na buɗe baki zan ce "ke," kamar yadda na saba tun tana zanen goyo, sai na ga kalmar ta yi ƙanƙanta, ba za ta iya tsallaka teku ba. Sai na kira sunanta. Sunan yanka, cikakke, wanda tun ranar da liman ya raɗa mata shi bai taɓa bi ta bakina ba.

Sitti ta miƙo wuya daga kan matashi, kunu a gefen bakinta.

"Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce na'am."